Zaƙin baki ba hujja ba ne: a koya wa ɗalibai tankaɗe magana

Duk bayan shekara 4, idan zaɓe ya ƙarato a Gana, daga Nima har Aboabo lasifika ba ta hutawa. Zaɓe na wucewa, mai maganin cuta dubu da mai alƙawarin biza su karɓi fage a WhatsApp. Yaron da ya gama sakandare bai iya tankaɗe magana ba, wallahi duk mai zaƙin baki zai ja shi.

Shi ya sa nake kira ga 'yan'uwana malamai mu riƙa sa ɗalibai rubuta nazarin jawabi. Ilimin tsoho ne. Aristotal ya kasa hanyoyin shawo kan mai sauraro gida 3: mutuncin mai magana, sosa zuciya, da hujja. Malamanmu na zaure kuwa sun san dabarun magana ta fannin balaga, wanda Abdulƙahir al-Jurjani ya yi wa hidima tun ƙarni na 11.

Ka ba aji jawabin Kwame Nkrumah na daren samun 'yanci, 6 ga Maris 1957, inda ya ɗaure 'yancin Gana da na Afirka baki ɗaya. Kada ka tambaye su ko sun yarda da shi. Tambaye su: da wa yake magana? Me ya sa yake ta cewa "mu"? Ina ya kawo hujja, ina ya sosa zuciya? Duk amsar da yaro ya rubuta, ya nuna layin da ya dogara da shi.

Sai kuma su duba rubutun juna. A nan fa matsalar take. An rene mu da kara, yaro ba ya son kunyata abokinsa, sai ya rubuta "ya yi kyau" ya miƙa. Wani kuma ya samu damar ramuwa. Maganin duka biyun shi ne a cire suna a sa lamba, kuma a hana su ba da maki, wannan aikin malami ne. Mai dubawa abu 3 kawai zai yi: ya faɗi manufar rubutun a jimla ɗaya, ya ja layi inda hujja ta yi ƙarfi, ya nuna inda ya kasa ganewa. Mai rubutun ya karɓa ya sake rubutawa.

Wani zai ce manhaja ta cika, WASSCE na jira. To, ai takardar Turanci tana neman rubutu, fahimtar nassi da taƙaitawa, kuma su ne wannan aikin yake wasawa.

Roƙona ga shugabannin makarantunmu bai fi darasi ɗaya a mako biyu ba. Yaron da ya saba tambayar abokinsa "ina hujjarka?" cikin ladabi, gobe zai iya yi wa ɗan takara wannan tambayar kafin ya dangwala masa ƙuri'a.