Biza Ba Hajar Kasuwa Ba Ce

Yau a Yamai da Maraɗi da Damagaram ofisoshi sun yi yawa masu cewa za su kai ɗanka karatu Kanada, ko su samo wa makanike aiki a Turai. Sai uba ya kaɗa bijimai kasuwa, ya miƙa kuɗi babu takardar shaida, in an kwana biyu mai ofis ya kashe waya.

Ba mu ƙin tafiya, gadonmu ce. Ba mu ƙin mai ba da shawara na gaskiya da zai duba takardu ya cika su daidai. Alkawarin biza muke ƙi, domin hukumar ƙasa ke ba da ita, ba dillali ba. Kanada ta haramta karɓar kuɗi kan wannan aiki sai ga lauyoyinta da makamantansu, da masu lasin hukumar da ta fara aiki a 2021, kuma sunayensu na intanet. Wanda ya shigar da takardar jabu, ko da dillali ne ya haɗa ta, ana hana shi shiga shekara 5. Dillali ya ci, yaro ya biya!

Mu da ba mu sayen saniya sai mun duba haƙoranta, don me za mu sayi alkawari ido rufe? Kafin ku saki igiya, ku nemi lambar lasi da yarjejeniya a rubuce. Hukuma kuma ta binciki waɗannan ofisoshi. Allah ya kiyaye mu.