Masu haɗa kiɗa, ku koyi sarrafa LFO da hannunku

Ana yawan kukan cewa kiɗan da ake haɗawa a kwamfuta ba shi da rai, sarewarsa a sandare take, gogensa ba ya taɓa zuciya. Kukan yana da tushe, amma ba na'urar ce da laifi ba. Kusan kowace manhajar sintesaiza da ake buɗewa cikin manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a situdiyoyin Kano, Kaduna ko Jos tana da wani ɗan sashe mai suna LFO, wanda aikinsa shi ne sa sauti ya motsa. Mai haɗa kiɗan da ya ɗauko shiryayyen sauti ya danna, bai ko leƙa wannan sashe ba, ya bar wa wani baƙon da bai taɓa jin waƙarsa ba ikon yanke yadda sautin zai yi numfashi. A ganina wannan sakaci ne, kuma gyaransa ba ya cin ko sisi.

Kunnen ɗan Adam yana fara jin girgiza a matsayin sauti ne idan ta kai kimanin sau 20 a daƙiƙa. LFO igiya ce mai kaiwa da komowa ƙasa da wannan saurin, don haka ita kanta ba a jin ta. Abin da ake ji shi ne abin da aka ɗaura ta a kai. Idan aka ɗaura ta a kan tsayin murya, sautin zai riƙa rawa sama da ƙasa. Idan a kan ƙarfin sauti ne, zai riƙa kumbura yana sacewa. Idan kuwa a kan matatar da ke rage kaifin sauti ne, zai riƙa buɗe baki yana rufewa. Abubuwa uku ne a hannun mai aiki: sauri, zurfi da siffar igiyar, ko mai santsi, ko mai hawa da faɗuwa kwatsam, ko mai tsalle ba tsari. Iliminta ke nan, kuma yammaci ɗaya ya isa mutum ya gane shi.

Masu ganin wannan ƙaramin ado ne su dubi tarihi. Kibod ɗin sintesaiza na Minimoog da ya fito a 1970 ba shi da LFO na musamman, amma makaɗa sun yarda su sadaukar da ɗaya daga cikin injinan sautinsa uku, su rage masa sauri, don kawai sauran biyun su samu motsi. A 1967 John Chowning, a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya yi ta ƙara wa rawar murya sauri har ta daina zama rawa ta koma sabon launin sauti. Daga nan aka samu fasahar da kamfanin Yamaha ya gina kibod ɗinsa na DX7 a kanta a 1983. Salon dubstep da ya taso a kudancin Landan kuwa, gurnaninsa da ya zagaye duniya bai wuce LFO a kan matata ba.

Inda na fi damuwa shi ne ɗaure LFO da bugun waƙa. Manhajoji suna da maɓallin da ke sa igiyar ta bi ma'aunin kiɗa sau da ƙafa: a waƙa mai bugu 120 a minti, zagaye ɗaya a kowane bugu yana nufin sau 2 a daƙiƙa, rabinsa sau 4, kwatansa sau 8. Wannan ya dace da kiɗan rawa irin na Turai. Amma rawar muryar mawaƙi tana faɗawa ne wajen sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa, ba ta kuma tambayar ganga izini. A saurari mai goge: yakan kama sautin a miƙe tukuna, sai can ya fara kaɗa yatsa, kaɗawar tana ƙaruwa yayin da jan yake tsawo. Ana iya koya wa sintesaiza wannan. A cire ɗaurin bugu, a sa sauri wajen sau 6, a jinkirta shigowar igiyar da kusan rabin daƙiƙa, a bar ta ta taso a hankali, sannan a ɗaura zurfinta a kan ƙafar juyawa da ke gefen kibod domin hannu ya riƙa ƙarawa da ragewa. Wanda ya ƙara da LFO ta biyu, mai tafiyar hawainiya, tana ɗan sauya saurin ta farko, zai ji maimaicin nan mai gundura ya ɓace.

Za a ce lokaci kuɗi ne, mawaƙi yana zaune yana jira, wuta kuma tana iya ɗaukewa, ga shi ƙwararru ne suka tsara shiryayyun sautukan. Gaskiya ne ƙwararru ne, sai dai sun tsara su don kunnen kasuwarsu, kuma sautin da kowa ya sauke shi ne kowa zai yi amfani da shi. Gyaran da na bayyana sau ɗaya ake yi, a adana, gobe a ɗauko. Batun tsada ma bai taso ba: cikin manhajojin sintesaiza, Serum na sayarwa ne, amma Vital, da Matt Tytel ya fitar a 2020, yana da nau'in kyauta da ke barin mutum ya zana siffar igiyarsa da kansa, Surge XT kuma kyauta ne ɗungurungum.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa a daina kwaikwayo, a kira mai goge ko mai algaita na gaske a biya shi. Ina tare da su duk inda hali ya yi, domin babu igiyar lissafi da za ta san lokacin da baiti ya kai wurin da ya kamata yatsa ya yi rawa. Amma sintesaiza ta riga ta zauna a waƙoƙin fim, na biki da na siyasa, kuma yaron da ke aiki da tsohuwar kwamfuta a shago ba shi da kuɗin ɗauko makaɗi a kowace waƙa. Shi ne nake so ya zauna kusa da mai goge ya lura da yatsunsa, ya ƙirga lokacin da kaɗawa ke shigowa da lokacin da take tsayawa, sannan ya koma ya buɗe sashen LFO ya saita jinkiri da zurfi daidai da abin da ya ji.