Murzuna da Aljihun Manomi

A Bader Gula ta gundumar Dakoro, tsutsar murzuna kan faɗa wa zangarniyar hatsi daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Magani kuwa akwai shi. Masu binciken cibiyar nazarin noma ta INRAN a Maraɗi suna kiwon ɗan mitsitsin ƙwaro, Habrobracon hebetor, mai kashe tsutsar, ana rataye shi a gonaki cikin 'yan buhunan algarara. To, wa zai biya? A ganina, aikin ƙungiyar manoma ne da ma'aikatar magajin gari, domin ƙwaron bai san iyakar gona ba: mai shanu ya saya, maƙwabci ya mora kyauta. Ɗan ƙwadago da matar da aka yanka wa gamana ba su da kuɗin gwaji, taron malamin gona ma ba kasafai ake gayyatarsu ba.