A Riƙa Tambayar Mai Gona

Idan aka ambaci bincike, abin da yakan fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne ɗakin gwaje-gwaje, ko kuwa wani ma'aikaci riƙe da takarda mai gurabu yana bi gida-gida yana tambaya: ku nawa ne a gidan nan, gonarka eka nawa ce, buhu nawa ka samu bara? Wannan bincike ne, ba musu, shi ne binciken ƙididdiga. Amma akwai wani iri da ba a cika koya mana a aji ba, wanda zan kira binciken sauraro. Mai yinsa yakan je ya zauna da mutane kwana da kwanaki, ya lura da yadda suke gudanar da al'amuransu, ya yi tambaya ya bar su su amsa da bakinsu, sa'an nan ya rubuta. Mai ƙididdiga yana son ya san nawa ne. Mai sauraro kuwa dalili yake nema, da yadda abin yake a wurin wanda ya shafa. Ra'ayina shi ne mun raina wannan na biyun fiye da kima, kuma gonakin ban-ruwa na Kura da Bunkure sun ishe mu shaida.

An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ana tsakiyar jin jiki daga farin da ya addabi Arewa a shekarun nan. Daga Tiga aka jawo ruwa ta babbar magudana zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, aka tsara kashin farko na aikin ya kai hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Injiniyoyi sun auna kusan komi: gangaren ƙasa, irin ƙasar, yawan ruwan da zai gudana, da yawan alkamar da kowace hekta za ta bayar. Aikinsu ya yi kyau, ga ruwa nan yana gudu har yau. Sai dai lissafin ya ɗoru a kan wani zato da ba a zauna an tantance ba, wato wai manomin ƙasar Kano zaman banza yake yi da rani, shi da iyalinsa, jira kawai suke a kawo ruwa.

Wata mai bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Tina Wallace, ta zauna cikin manoman aikin, rahotonta ya fito a 1979. Abin da irin wannan zama ya fito da shi bai yi daidai da zaton ba. Rani ba lokacin hutu ba ne. Wani yana saƙa, wani ƙira, wani fatauci, wani ya tafi cin rani, kuma da kuɗin nan ake aure da suna da biyan haraji. Noman rani kuma kuɗi yake ci kafin ya ba da kuɗi: kuɗin tarakta, kuɗin ruwa, taki, iri, 'yan ƙwadago. Mai hali ya iya. Maras hali sai ya ba da hayar gonarsa ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin birni, wani lokaci ma ya koma ƙwadago a cikinta. A takardar hukuma gonar an noma ta, lissafi ya cika. Wanda ya noma ta da wanda ya kwashe amfanin, wannan sai an tambaya.

Ku duba maganar dawa, domin a nan ne abin ya fi fitowa fili. Alkama tana son sanyin hunturu, dole a shuka ta cikin Nuwamba. Dawa kuwa ba ta gaggawa, sai wajen ƙarshen Nuwamba ko Disamba ake girbe ta. Gona ɗaya ba ta ɗaukar su biyun a jere sai ɗaya ta makara. Saboda haka aka matsa wa manoma su bar shuka dawa a filin aikin. A bisa takarda shawarar ba ta da aibu, tun da alkama ta fi dawa kuɗi. Amma tambayi magidanci mece ce dawa a gidansa. Ita ce tuwon dare. Ita ce takan shekara a rumbu, ba ruwan mai ita da farashin kasuwa. Karanta shi ne danga, shi ne makamashi, ganyenta abincin tumaki da awaki. Mutumin da ya ƙi rabuwa da dawa lissafi ya yi, kuma lissafinsa ya fi na ofis faɗi. Da yawa an kira su masu taurin kai.

Mata kuwa kusan ba su shiga tsarin ba sam. Da aka baje filayen domin ruwa ya gudana, an sare itatuwa, har da ɗorawa da kuka. Ga mai tuƙa katafila itace ne ya tare hanya. Ga matar gida kalwa ce da daddawa da miya da itacen girki, wato jarinta ne. Cecile Jackson, wadda littafinta kan wannan aiki ya fito a 1985, ta nuna cewa ko matan ma abin bai same su iri ɗaya ba. Matan Musulmi da ke cikin gida sun sami ƙarin ciniki na dafa abincin sayarwa da sarrafa amfanin gona, amma matan Maguzawa, waɗanda suke noma gayaunarsu da hannunsu, an bar su a baya wajen rabon fili. Da tambaya ɗaya aka yi wa kowa, wai ko mata sun amfana, da amsa ɗaya za a samu, kuma da ba ta zama gaskiyar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kada a ce sai a Kadawa. Nan kusa da mu, a Dorayi, wadda a lokacin ƙauyuka ne da gonaki cikin gundumar Kumbotso kafin birni ya haɗiye ta, wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta yi bincike a 1971 da 1972. Kafin nan ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina. Ita ce ta bayyana wa masana abin da kowane yaro mai talla ya sani: cewa akwai babbar kasuwa a cikin gidaje, inda mata suke saye da sayar da hatsi da mai da abinci ba tare da sun taka kasuwa ba. Mai ƙirga rumfunan kasuwa ba zai taɓa ganin ta ba. Ta kuma nuna cewa talauci yakan hana mutum noma. Wanda rumbunsa ya ƙare da damina dole ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya ci yau, tasa gonar ciyawa ta cinye, baɗi ya sake wayuwa cikin rashi. Abin lura shi ne Polly Hill ba ta ƙi ƙidaya ba. Ta auna gonaki, ta ƙirga mutanen gidaje. Amma sai da ta saurara tukuna ta san abin da ya cancanci a ƙirga.

Na san abin da wasu abokanmu na ajin kimiyya za su ce: ai wannan hira ce kawai, kuma abin da aka ji a ƙauye ɗaya ba ya zama hukunci a kan ƙasa duka. Rabin maganarsu gaskiya ne. Sauraro ba zai gaya maka yawan takin da jihar Kano take bukata ba, kuma mai sauraro yana iya jin abin da ransa yake so kawai, ko ya zauna a zauren mai unguwa ya ɗauka ya ji ta bakin gari. Amma su ma alƙaluman daga bakin mutane ake ɗebo su. Kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, wane makiyayi ne zai faɗa wa baƙo mai biro yawan shanunsa? Uwa takan ji kunyar ambaton ɗanta na fari. Manomi da dami da kwano yake lissafi, hekta ba ta cikin bakinsa. Idan ya zaci taki za a raba, gonarsa ta yi girma, idan ya zaci kuɗi za a karɓa, ta ƙanƙance. Duk wannan yakan shiga takarda ya fito da kamar tabbas, har da ɗigo da lambobi biyu a bayansa.

Rashin sauraro kuma yakan wuce asarar amfanin gona. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da aka karɓe wa gonaki domin madatsar ruwa sun daɗe suna kuka kan diyya, har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka masu yawa.

To, ina ruwan ɗalibin sakandare da wannan? Ruwa da tsaki. Iyayenmu sun daɗe suna irin wannan bincike ba su sa masa suna ba. Idan ana neman aure, ba wanda yake aika takarda a cike. A kan tura dattijo ya je unguwar, ya ji ta bakin maƙwabci, ya ji ta bakin abokin sana'a, ya ga yadda yaron yake gaida manya, sa'an nan ya gwada maganar wannan da ta wancan. Ma'aikaciyar asibiti da ta ga uwa ta daina kawo yaro allurar rigakafi, rajista za ta nuna mata cewa ba a zo ba, amma sai ta zauna da uwar za ta ji ko kuɗin mota ne, ko maigida ne ya hana, ko wata ce ta yi mata tsawa a kan layi. Malamin da ya ga rabin ajinsa sun faɗi lissafi ya riga ya sami adadi. Saura ya kira biyar daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya ya ce su nuna masa yadda suka yi.

Abin da ya raba wannan da hirar bakin titi shi ne ƙa'ida. Ka gaisa, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, ka nemi izini. Kada ka sa wa mutum amsa a baki. Tsakanin "Ashe ruwan nan ya taimake ku?" da "Baba, yaya noma yake kafin ruwa ya zo, yaya yake yanzu?" akwai nisa, domin ta farko "ƙwarai kuwa" kaɗai za ta samo maka. Idan ya yi shiru, ka jure, sau da yawa maganar kirki bayan shirun take fitowa. Ka rubuta a ranar, ka ware abin da aka faɗa da abin da kai ka fahimta. Abin da aka gaya maka cikin amana kuma, kada sunan mai shi ya fita.

Shawarata ga hukumar makaranta ita ce a sa wannan cikin aikin hutu na 'yan manyan azuzuwa, ko sau ɗaya a shekara. Tambayoyi suna nan jibge. Me ya sa Kura ta zama garin shinkafa alhali alkama aka fi sa wa rai? Yaya masu tumatir a Kadawa suka yi a 2016 da tsutsa ta cinye gonakinsu, wa ya ba su rance, wa ya daina noman? Wa yake fita sharar magudana idan kacala ta toshe ta? Ɗalibi ɗaya ya ji ta bakin wanda gonarsa take kusa da bakin ruwa, wani ya gangara wurin na ƙarshen magudana wanda ruwa yakan iske a makare, wata ta shiga gida wurin masu turara shinkafa, wani kuma ya bi makiyayi zuwa mashaya. Idan an dawo hutu sai a ajiye littattafan huɗu a kan tebur ɗaya, a fara da wuraren da suka saɓa wa juna.