Mu Fara Sanin Gida Kafin Mu Je Yawon Buɗe Ido

Duk lokacin da aka yi zancen yawon buɗe ido a makaranta, hankalinmu kan tafi nesa. Wani ya ce gidan namun daji na Kano, wani ya ce Gidan Makama, wani kuma zanen duwatsu na Birnin Kudu. Wurare ne masu kyau, ba mu musa ba. Amma mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muna ganin an bar jaki ana dukan taiki. A ƙananan hukumomi huɗu na masarautarmu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai wuraren da ya kamata kowane ɗalibi ya sani kafin ya hau motar Kano.

Mu fara da fadar Mai Martaba Sarkin Gumel. Kullum muna wucewa ta ƙofarta, amma mu nawa ne za su iya ba da tarihinta? Mangawa ne suka kafa masarautar wajen shekarar 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma. Ta yi zamanta a inuwar Borno, kuma ba ta taɓa shiga Daular Usmaniyya ba, duk da cewa maƙwabtanta Kano da Haɗeja suna ciki. A 1845, zamanin Sarki Ɗan Tanoma, aka taso da hedikwata daga Tumbi zuwa Gumel ta yanzu. Tumbi ɗin nan a yau tana cikin Jamhuriyar Nijar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa iyakar da ke Maigatari ƙanwar masarautarmu ce, a bayanta aka haife ta.

A watan Maris na 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya yada zango a Gumel a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya rubuta cewa garin babbar kasuwar kanwa ne. Ga mutumin da ya ƙetaro Sahara ya zo ya rubuta labarin garinmu, har yau ana karantawa a jami'o'in Turai. Mu da aka binne cibiyarmu a nan, me muka rubuta?

Sai kasuwar Maigatari da ke ci kowace Alhamis, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi a Arewa. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna shigowa daga Nijar, a loda su a manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan. A aji muna haddace ma'anar buƙata da wadata a darasin tattalin arziki. A kara kuwa za mu ga abin da idonmu: yadda dillali ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, yadda ake biyan la'ada, yadda 'yan canji ke musayar naira da sefa, da dalilin da farashin rago ke tashi idan babbar salla ta ƙarato. Gani ya kori ji.

A garin ne kuma Yankin Ciniki Maras Shinge yake, wanda aka kafa zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki don a riƙa sarrafa kaya ana fitar da su waje ba tare da nauyin harajin kwastan ba. Riɗi da zoɓon da iyayenmu ke nomawa suna cikin amfanin gonar da Nijeriya ke sayarwa ƙasashen waje. Ya kamata mu je mu ga wurin, mu tambayi ma'aikatansa abin da ake yi a ciki da abin da ya rage a yi. Mu ma mun san nauyin iyakar nan. Da aka rufe ta a watan Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe, kuma Maigatari na cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe a duk ƙasar. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Duk ɗalibin da mahaifinsa ke cin abinci a kasuwar ya ji a jikinsa.

A Gagarawa akwai tashar jirgin ƙasa a kan layin Kano zuwa Nguru da Turawa suka shimfiɗa don kwasar gyaɗa. Dattawan da suka ga lokacin da tashar ke cika da buhuna suna nan, amma kullum raguwa suke yi. Haka ma tsofaffin da suka san inda ganuwar Gumel ta bi da sunayen ƙofofinta, da waɗanda suka san asalin sunan ƙauyukan Sule Tankarkar. Wannan shi ne abin da ya sa muka ce maganar ba ta jira. Gini idan ya rushe ana iya tayar da shi, amma tsoho idan ya rasu da labarinsa a ciki, shi ke nan.

Mun san za a ce babu kuɗi, ga jarrabawa na tafe, kuma Alhamis ranar karatu ce. Gaskiya ne. Amma kuɗin motar zuwa Maigatari ko Gagarawa bai kama ƙafar na zuwa Kano ba, kuma a wuni ɗaya za a je a dawo kafin la'asar. Batun jarrabawa kuwa, tarihi da labarin ƙasa da aikin gona da kasuwanci duk suna cikin manhaja, kuma abin da ido ya gani ya fi zama a kai. Kasuwar dabbobi tana da cunkoso, don haka a tafi aji ɗaya kawai a lokaci guda, tare da malamai, bayan an sanar da shugabannin kasuwa da iyaye.

Roƙonmu ga shugaban makaranta da malamanmu shi ne a ware rana ɗaya a kowane zango don ziyarar wuri ɗaya a cikin masarautar. Ga 'yan uwanmu ɗalibai kuma, ga aikin hutu: kowa ya zauna da kakansa ko wani dattijon unguwa, ya tambaye shi tarihin rijiya ko kuka ko masallaci ko kasuwar garinsu, ya rubuto mana shafi ɗaya da sunan wurin. Za mu liƙa waɗanda suka fi kyau a wannan allo, sauran kuma mu adana su a ɗakin karatu don 'yan baya. Allah Ya ba mu ikon yi.