Mari a Ƙafar Motata

Ƙarfe tara na dare na sauka daga jirgi, ana yayyafi, na tarar an sa wa tayar motata marin ƙarfe a filin ajiye motoci na wata tashar jirgin ƙasa a Ingila. Laifina? Na'urar biyan kuɗi ta lalace tun safe, har hotonta na ɗauka. Mai mabuɗin ya ce in biya tukuna, ƙorafi kuma in rubuto daga baya.

Na biya, don da safe akwai kai yara makaranta. Amma kada a kira wannan tara. Tara sai an ji ta bakin mutum ake yanke ta. Wannan kuɗin fansa ne.

Abin haushin, ƙasar ta riga ta san haka. Tun 1992 kotun Sikotilan ta ce ɗaure motar mutum a filin da ba na hukuma ba don a karɓi kuɗi ƙwace ne. Ingila da Wales suka haramta shi daga 1 ga Oktoba 2012. Sai aka bar kafa: harabar jirgin ƙasa tana da dokokinta na 2005, kuma sashe na 14 ya yarda a ɗaure mota. Abin da yake laifi a bakin kanti, kana tsallaka titi ya halatta.

Za a ce in babu tsoro kowa zai ajiye inda ya ga dama. To lambar motar fa, adon me take yi? Su aiko takarda gida, in kare kaina.

Na tura musu hoton da rasit. Yau mako shida, shiru.