Ɗaliban Kwamfuta Da Matsalar Rubutu

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin karatu, wanda a cikinsa ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ta ga ya dace. Tambayar da ke gaban sassan ilmin kwamfuta ita ce ko za su ba koyar da rubutu wani gurbi a cikin wannan kaso.

Bisa al'ada ɗalibi yakan yi darasin Turanci na gama-gari a shekarar farko, a babban ɗaki tare da ɗaruruwan 'yan'uwansa, daga nan kuwa da wuya a sake duba rubutunsa da idon basira sai ya zo kundin kammala digiri. Alhali kuwa mai tsara manhaja yakan ɓata lokaci mai yawa wajen rubuta wa mutane: bayanin abin da ma'aikata ke bukata, da jagorar amfani, da rahoton matsala ga shugaban da bai san kan na'ura ba.

Abin da ya sami Amurka ya isa misali. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda manhajar kamfanin da ya ƙera shi tana ba da lissafi da ma'aunin Ingila, su kuwa masu tuƙa shi suna ɗaukarsa a ma'aunin mita. Masu tuƙin sun lura da saɓani tun kumbon yana hanya, amma kokensu bai bi hanyar da aka tanada ba. Kwamitin bincike ya lissafa ƙarancin sadarwa tsakanin sassan aikin cikin musabbaban asarar.

Jami'ar MIT ta Amurka ta ɗauki wata hanya tun 2001. Tilas kowane ɗalibi ya yi darussa huɗu masu yawan rubutu da jawabi, biyu daga ciki a fannin da yake karantawa, watau rubutun yana tafiya tare da aikin kansa. Tun 1975 ma masanin kwamfuta Edsger Dijkstra, mutumin Holan, ya ce bayan lissafi babu jarin da ya fi wa mai tsara manhaja amfani kamar ƙwarewa a harshensa na uwa. Wannan magana tana da nauyi a nan, inda wanda za a yi wa bayanin sau da yawa da Hausa zai fi ganewa.

Sai dai aikin yana da tsada. Gyaran rahoto yana cin lokaci fiye da gwada manhaja, kuma malami ɗaya ba zai iya karanta rubutun ɗalibai ɗari uku kowane mako ba. Jami'ar da ta sa darasin a takarda ba tare da ta ƙara masu gyara ba, sunansa kawai za a gani a jadawali.